Ruwan Hanim

Sansanin haƙar mai, kudu da Ajdabiya, Libiya
5 ga Fabrairu, 1992

Zuwa ga matata, 'yar baffana Awaɗif,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Hajja. Ni lafiyata ƙalau, sai leɓe da ya tsattsage don bushewar wurin nan. Yaya gwiwoyin Hajja? Yaya kuma bayanki? Na san sanyi ba ya ƙyale ki, ki riƙa shafa man nan da Dakta Girgis mai kantin magani ya ba ki.

Aiki dai walda ce daga safe har yamma, bututu bayan bututu. Duk inda ka juya yashi. Mutumin da ya shekara goma yana nutso a tekun Ƙusair, yau ruwan wanka ma a mota ake kawo masa. In na rufe ido ba na ganin komai sai falonmu, ke a kan kujera, da akwatin gilashin nan yana kumfa a kusurwa.

To, maganar Hanim, kifin da ke cikin akwatin. Na san ke da Hajja kun ce ta fi kama da tsohon soson wanke tukunya, amma kifin kwaɗo irinta ba kowace shekara yake faɗawa tarun Kawunki Hamdun ba. Ki ba ta jatan lande masu rai, ƙanana, sau biyu a mako. Ba ta san ƙoshi ba. In kika ba ta wanda ya kai girmanta za ta haɗiye, ya ruɓe mata a ciki. Kada a fito da ita daga ruwa ko na ƙiftawar ido, in ta haɗiyi iska shi ke nan. Ruwan da ya ƙafe ki cike gurbinsa da ruwan sha, don gishiri ba ya bin tururi. Injin kumfa kuwa kada a kashe, ko da Hajja ta ce yana hana ta jin karatu a rediyo.

Babban abu shi ne canjin ruwa. Duk mako biyu a kwashe kwata a zuba sabo. Na yi magana da Kawu, zai riƙa ɗebo ruwan teku daga bayan duwatsu, ba na bakin tasha mai man jirgi ba, ya ajiye jarkokin a ƙarƙashin bene.

Ana raɗe-raɗin za a ɗauke rukuninmu zuwa wani sansani. Ki ci gaba da rubutowa nan, za su tura min.

Ki sumbaci hannun Hajja a madadina.

Naki,
Fikri


Ƙusair
26 ga Fabrairu

Zuwa ga mijina, ɗan baffana Fikri,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, mun gode Allah da kake lafiya. Ka riƙa shafa man zaitun a leɓen. Hajja lafiya, gwiwoyi dai sai a hankali, yanzu a zaune take salla. Bayana da sauƙi bana.

Na karanta wa Hajja wasiƙar. Da na gama ta ce, "Shi ke nan? Mu gaisuwa, kifi shafi guda?" Na ce, "Hajja, mu ai muna da bakin neman abinci." Ta ce, "Ita ma tana da shi, ya fi na kowa a gidan nan."

Hanim tana nan ƙalau. Jiya na tsaya na ga yadda take kaɗa 'yar fatsar nan ta goshinta, jatan lande ya matso yana leƙe. Wallahi ban ga lokacin da ta buɗe baki ba. Yana nan, sai ba ya nan. Sai ta taka da hannuwan nan nata ta koma jikin dutse kamar wata tsohuwa da ta dawo daga kasuwa.

Yanzu ka zauna, Fikri, in kana tsaye. Ranar Litinin na je wurin Dakta Samiha. Akwai ciki, wata biyu.

Na san me zuciyarka za ta tuno, don tawa ma shi ta tuno. Bara da bara waccan, sau biyu muna shela, sau biyu ina naɗe kayan jarirai ina mayarwa akwati. Wannan karon ba wanda ya sani sai Hajja da likita, sai kai. Kuma ba zan ƙara rubuta kalmar a takarda ba. Wasiƙa hannu da yawa take bi, kuma ina tsoron baki. Sau ɗaya na faɗa, ka riƙe.

Hajja tana jin labarin ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, sannan ta ciro tsohon mayafinta ta lulluɓe akwatin gilashin. Ta ce, "Ki yi ta kallon wannan halitta, ki haifo min jika mai baki har kunne!" Sai ta tafi ɗaki nake ɗaga mayafin in ba ta abinci.

Kawu da kansa yake hawo da jarkoki yanzu, yana haki yana tsine wa wanda ya gina bene hawa uku.

Ka rubuto da wuri. Ina so in ga me hannunka zai rubuta.

Taka,
Awaɗif


Ƙusair
18 ga Maris

Fikri,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu nan lafiya. Hajja ta yi mura ta warke. Ni ina fama, amma da sauƙi.

Kullum in na ji ƙararrawar keken mai wasiƙa sai na leƙa ta taga. Har ya fara ɗaga min hannu alamar babu tun kafin ya iso ƙofa.

Ga matsala. Kawu Hamdun ya tafi kudu da jirginsa, wajen Shalatin, ya ce sai kifi ya sallame su, wata ɗaya ko fiye. Kafin ya tafi ya cika jarkoki ya jera a ƙarƙashin bene, amma ba mai hawo da su. Dakta ta hana ni ɗaukar abu mai nauyi, ka san dalili. Hajja ko kanta da ƙyar take hawo da shi. Mazan unguwa kuwa ba zan sa su riƙa hawa mana bene ba alhali ba ka nan. Ka san bakin Ƙusair.

Ruwan ya fara yin rawaya, gilashi ya yi kore. Hanim ta koɗe, jan nan nata ya koma kalar toka. Na sa mata jatan lande tun shekaranjiya, yana yawo a kanta, har yana hawa bayanta, ko fatsar ba ta ɗaga ba. Tana numfashi da sauri.

Ka faɗa min yadda zan yi. Ko akwai wanda ka yarda da shi cikin abokanka na nutso da zai karɓe ta har ka dawo?

Kuma ka ce wani abu, Fikri. Ba a kan kifi kaɗai ba.

Awaɗif


Sabon sansani, hanyar Jalu
8 ga Afrilu

Awaɗif,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya same ni jiya. An ɗauke mu kamar yadda na faɗa, sabon adireshi yana bayan takardar nan. Ina lafiya, sai dai zafi ya fara, kuma shugaban aikin nan bai san Allah ya yi hutu ba. Ki gai da Hajja, Allah ya ƙara sauƙi.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Tun yaushe rabon da a canja ruwa? Kin san abin da ke faruwa a cikin akwatin nan? Tana zaune ne a cikin ƙazantarta tana shaƙa. Koɗewar da kika gani da saurin numfashi, ba wasa ba ne. Abokan nutso da kike faɗa, wanne ne a cikinsu zai iya riƙe ko kyanwa?

Maganar likita kuwa, likita aikinta ke nan, ta hana. Dalilin na san shi, ba yau aka fara ba. Abin nan naki ya zo bara, ya zo bara waccan, ya yi 'yan makonninsa ya tafi. Wannan ma haka zai tafi. Kada ki ɗora ranki a kai har ki mai da kanki majinyaciya. Ki raba kowace jarka biyu, ki hau a hankali, ki huta a kowane hawa. Mata nawa ne a Ƙusair suke ɗaukar abin da ya fi wannan?

Ni ina nan ina ƙona idona a gaban wuta don gidan nan. Abu ɗaya tak na bar miki amana. Ki ce in yi magana ba a kan kifi ba, to me zan ce, alhali abin da na roƙa ba a yi ba?

Ki rubuto ki faɗa min an canja.

Fikri


Ƙusair
25 ga Afrilu

Fikri,

Sallama. Muna lafiya.

Na karanta abin da hannunka ya rubuta. An canja ruwan yau da safe. Ban raba jarka ba, ban huta a hawa ba. Hanim ta ci abinci. Amanarka tana nan.

Awaɗif


Ƙusair
2 ga Mayu

Daga Hajja Nabawiyya, da hannun Girgis mai kantin magani

Kai Fikri,

Sallama dai ba a hana ko maƙiyi, don haka assalamu alaikum. In kana son sanin lafiyata, ban mutu ba. Ba zan ce maka ɗana ba sai na huce.

Matarka tana asibiti a Safaga.

Ranar da wasiƙarka ta zo, na ga yarinyar nan ta karanta, fuskarta ta yi fari kamar gari. Na ce, "Me ya ce?" Ta ce, "Yana gaishe ki." Washegari na fita sayen burodi, na tsaya hira da mai kayan miya, kafin in dawo ta hau da jarkokin nan duka. Na tarar da ita tana goge gilashi, rigarta jiƙe. Na ce, "Ke mahaukaciya ce?" Ta ce, "Hajja, ai an ce zai tafi, ko na ɗauka ko ban ɗauka ba."

Kwana ɗaya tsakani, da hantsi, sai jini. Na leƙa taga na ƙwalla ihu. Wannan bawan Allah da ke rubuta maka ya rufe kantinsa da masu saye a tsaye, ya ɗauke mu a motarsa. Duk hanya tana riƙe da hannuna tana cewa, "Hajja, kar ki faɗa masa." To, na faɗa.

Cikin bai fita ba. Likita ta ce yana rataye ne da zare. Ta ce in aka sallame ta, kwanciya ce har haihuwa, ko tulu ba za ta taɓa ba.

Na ciro wasiƙarka daga ƙarƙashin matashinta na ba Girgis ya karanta min. Sai da na sa ya maimaita, don na ce ƙarya yake, ban haifi mai faɗin haka ba. "Ya zo bara, ya tafi, wannan ma zai tafi"? 'Ya'yanka ne fa! Ni na wanke ta duka biyun, kai kana waje kana shan taba. Ubanka, Allah ya ji ƙansa, jaki ne a wasu abubuwan, amma bai taɓa auna ɗansa da kifi ba.

Ita kuwa gimbiyar taka, tana nan tana hamma. Na rantse zan soya ta in ba kyanwoyin tasha, sai Awaɗif ta sa na yi alkawari a gadon asibiti ba zan taɓa ta ba. Ban san me ke cikin kan yarinyar nan ba. Ga ni da tsufana ina zuwa bakin ruwa ina roƙon masunta jatan lande mai rai, suna min dariya.

Uwarka

Ustaz Fikri, na rubuta yadda ta faɗa, sai kalmomi kaɗan da alƙalamina ya ƙi. Jikin Sitt Awaɗif da sauƙi, jinin ya tsaya. Girgis.


Sabon sansani
14 ga Mayu

Awaɗif, Awaɗif,

Sallama. Ina lafiya. Yau direban ruwa ya zo daga tsohon sansani da ƙunshin wasiƙu da suka kwana a aljihun tebur tun da muka tashi. A ciki akwai taki ta ƙarshen Fabrairu. Yau na gan ta. Yau na san akwai ciki.

Na fita da gudu ina ihu har mutanen ɗakinmu suka ɗauka kunama ce. Sai na tuna abin da na rubuta miki. Wallahi, tallahi, bayanki nake nufi! Ciwon bayan da ke zuwa miki da sanyi. Da kika ce na san dalili, shi na ɗauka. Kada ki ɗauki jarka. Kada ki ɗauki ko kofi. 'Yar gajeriyar wasiƙarki ta iso makon jiya, na ji sanyinta amma na ce fushi ne zai wuce, har na ji daɗi an canja ruwa. Yanzu na sake karanta ta. Ki faɗa min ba abin da ya faru.

Na ajiye alƙalami jiya don motar wasiƙa ba ta tashi sai jibi. Yau ta Hajja ta iso.

Ban san da wane baki zan yi magana ba. Na je wurin shugaban aiki na ce matata tana asibiti. Ya ce, "Kowa a nan yana da wani a asibiti." Fasfo ɗinmu yana ofishin kamfani a Bangazi, ya ce ba hutu sai Satumba. Na roƙi mai rediyo ya haɗa ni da waya zuwa Masar, ya ce na'urarsa ba ta wuce ofis. Na zauna a bayan tanti kamar kare.

Da na san ciki ne, da na yanke hannuna kafin in rubuta. Ki gaya wa Hajja ta zage ni yadda take so, ta yi daidai. Ki gode wa Dakta Girgis.

Kifin kuwa a fitar da ita daga gidan. A mayar da ita teku, ko a ba kyanwa, ko me. Ba na son in sake jin sunanta.

Ki rubuto ko layi ɗaya.

Fikri


Sabon sansani
9 ga Yuni

Awaɗif,

Sallama. Ina raye. Mota ta zo ta koma, ta sake zuwa, babu komai. Ban sani ba ko kina gida ko kina asibiti. Ban sani ba ko har yanzu mu uku ne ko mun koma biyu. Jiya na ƙone yatsa don hankalina ba ya kan ƙarfe.

In ba za ki rubuto ba, ki bar Girgis ya rubuto. In labarin mummuna ne ma, ina so in sani.

Fikri


Ƙusair
2 ga Yuli

Fikri, ɗan baffana,

Wa alaikumus salam. Wasiƙunka sun iso. Ka kula da yatsan. Hajja lafiya. Ni ina gida, a kwance. Har yanzu mu uku ne. Yana motsi, ya fi yi in na sha shayi.

Na daɗe ban amsa ba don duk takardar da na fara sai na yaga.

An dawo min da gado falo, nan ya fi iska. Ka ga ni da Hanim muna kallon juna ke nan daga safe har yamma. Hajja ta yi ta rufe akwatin ina buɗewa har ta gaji ta ce, "Ku ƙarata, in ya fito da fatsa a goshi ba ruwana." In ba ka da abin yi sai kwanciya, sai ka ga abin da mai tafiya ba ya gani. Janta ya dawo, har da ɗigo-ɗigo irin na dutsen da take jingina. Takan wuni ba ta motsa ba. Wata rana cikinta ya kumbura ta riƙa tasowa sama tana tangaɗi, na tsorata har na kira Hajja, sai ta saki wani dogon ƙyalle mai yauƙi cike da ƙwai. Hajja ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe ke ma mace ce, 'yar banza."

Makon jiya aka ɗauke wuta tun safe, ana zafin da kwalta ke narkewa. Injin kumfa ya tsaya, fanka ta tsaya. Kafin azahar ruwan ya yi ɗumi kamar na wanka, Hanim ta kwanta a gefe tana buɗe baki. Na yunƙura zan tashi, Hajja ta daka min tsawa, "Ƙafarki ta taɓa ƙasa sai na karya ta!" Ta jawo kujera, ta ɗauki ludayin miya, tana ɗiba tana zubawa daga sama don ruwan ya sha iska. Hannu ɗaya ludayi, ɗaya mahuci tana min fifita, baki kuma yana zagin ka. Girgis ya hawo da kwalaben ƙanƙara a rufe muka sa suna yawo a ciki. Sai bayan la'asar wuta ta dawo. Hajja ta kwana biyu ba ta iya ɗaga kafaɗa. Kawu ya dawo, shi ke hawo da ruwa, ko ido ba ya iya haɗawa da ni, kamar shi ya yi laifin.

Ka ce a fitar da ita. Ba za a fitar ba. Ita ba ta rubuta wa kowa wasiƙa ba. Kuma yanzu ba amanarka ba ce, tawa ce.

Na yarda ba ka sami wasiƙar Fabrairu ba. Tun kafin ka rantse na yarda. Ni ma na yi wauta, na ɗauki jarkokin nan don in ƙona maka rai, na kusa ƙona nawa. Wannan tsakanina da Allah ne. Amma ga abin da ke hana ni rubutu. Ka ce da ka san ciki ne da ka yanke hannunka. To, da bayana ne kawai fa? Likita ta hana ni, na faɗa maka ina fama, ka ce in raba jarka biyu. Ke nan sai ina ɗauke da ɗanka ciwona yake zama ciwo?

Ba faɗa nake ba. Tambaya ce, ina son amsa.

Awaɗif


Bangazi
24 ga Yuli

Awaɗif,

Sallama. Alhamdu lillahi da kuke lafiya. Na yi sujada a kan yashi da na karanta "mu uku". Yatsa ya warke.

Na nemi amsa mai kyau ban samu ba, ga ta gaskiya. Da bayanki ne kawai, da har yau ina ganin ni ke da gaskiya, kuma da ban taɓa neman gafara ba. Tun da muka yi aure kina cewa bayanki, ni kuwa ina jin sa kamar ƙarar injin kumfa. Ban san haka nake ba sai da kika tambaya.

Na ajiye aikin. Sun ce na yi asarar haƙƙin ƙarshen kwangila, na ce su riƙe. Ina Bangazi ina jiran fasfo, kullum "gobe". Ina kwana a saman gidan shayin wani mutumin Suhaj, ɗan ƙasarmu, adireshinsa na ƙasa. Da na karɓa zan hau motar Sallum, bakin iyaka.

Ban ce ki yafe ba. Ki bari in zo tukuna.

Fikri


Asibiti, Ƙina
16 ga Agusta

Fikri,

Sallama. Ina rubutu a kishingiɗe, ka yi haƙuri da karkacewar layi. Ina lafiya, ɗinki ne ke ja. Hajja tana nan kusa da ni a kan tabarma, ta ce in ce maka gwiwoyinta sun gode.

Mace ce. Ta zo ranar Talata, bakwaini.

Ruwa ya fashe min da safe ina shan shayi. A Safaga suka duba suka ce ba su da kwalbar jarirai da ba kowa a ciki, mu wuce Ƙina. Ka san hanyar nan ta cikin duwatsu. Girgis yana tuƙi yana kiran Budurwa Maryamu, Hajja a baya tana kiran Sayyida Zainab, ni ina tsakiya ina cije mayafi. Mota ta yi zafi a tsakiyar hanya, sai da ya juye mata ruwan shanmu. Da muka iso aka wuce da ni ɗakin tiyata. Da aka ciro ta ba ta yi kuka ba. Ina jin ƙarar ƙarafa, ina jin likita na cewa "sake, sake", ba wanda ya kalle ni. Sai can na ji wani abu kamar kukan ɗan kyanwa.

Tana cikin kwalba. Ba ta fi burodi biyu nauyi ba. Jiya ta karɓi nono ta bututu, ya zauna. Likita ba ya alkawari, yakan ce dai, "Tana da faɗa." Hajja ta je ta manna fuska a gilashin ta duba ta sama da ƙasa, ta dawo ta ce bakin daidai yake, hancin ne naka, Allah ya ba ta haƙuri.

Hanim ta mutu. A rikicin fita ba wanda ya tuna barin mabuɗi, kuma aka ɗauke wuta washegari. Kafin Kawu ya ɓalle ƙofa ta riga ta tafi. Shi ya zo jiya ya faɗa mana, yana murza hula. Na yi kuka har ma'aikaciyar jinya ta zo da gudu ta ɗauka jaririyar ce. Hajja ta tambayi Kawu, "Ba ka dai ba kyanwa ba ko?" Ya ce a'a, ya fita da ita a jirgi ya sake ta bayan duwatsu.

Na karanta amsarka. Ba ta yi min daɗi ba, amma ita nake nema. Sauran maganar ba ta takarda ba ce.

In ka tsallako iyaka kada ka bi ta Ƙusair, ba kowa a gida. Ka hau jirgin ƙasa daga Alƙahira ka sauka Ƙina. Ka yi wanka kafin ka shigo, ba sa barin mai datti ya matsa kusa da ita.

Ba mu raɗa mata suna ba. Hajja tana da uku, duk na matattu. Ni ina da ɗaya, na ƙi faɗa. Ka yi sauri ka zo a yi rigimar da kai.

Taka,
Awaɗif